SHARHI: Kai Wuta Karkara Ba Tare Da Ɓatar Da Taurarin Masama Ba

Sanin kowa ne cewa duk lokacin da wata tawaga ta dattawan karkara ta niƙo gari zuwa Birnin Kebbi domin miƙa koke ga hukuma, abubuwan da ke cikin takardarsu ba su cika wuce hanya da ruwan sha da asibiti da wutar lantarki ba. Wannan koke gaskiya ne, kuma haƙƙi ne. A 'yan shekarun nan, tun da kayan sola suka yawaita a kasuwanninmu, fitilun kan titi masu amfani da hasken rana sun shiga sahun gaba na ayyukan da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa ke kai wa mazaɓunsu, har ya zamana garin da a da ba a jin komai a cikinsa bayan sallar isha'i sai kukan gyare, yanzu ana hira a bakin kasuwarsa har tsakar dare.

Muna maraba da wannan ci gaba. Sai dai akwai wani ɓangare na al'amarin da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wanda muke ganin ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da iyayen ƙasa su san da shi tun yanzu da aikin yake ɗanye. Wannan ɓangare shi ne sararin samaniyar da ke bisa kanmu da dare. Mun ɗauki Masama, a ƙaramar hukumar Gwandu, a matsayin misali, amma abin da za mu faɗa ya shafi Dalijan da Kambaza da Malisa da Dodoru, ya kuma shafi ƙauyukan ƙaramar hukumar Kalgo da sauran sassan jihar.

Duk wanda ya taɓa kwana a wannan yanki a farkon kaka, bayan ruwan sama ya wanke ƙura kuma hazon hunturu bai sauko ba, ya san abin da muke nufi. Idan mutum ya fita bayan gari a daren da babu farin wata, ya bar idonsa ya saba da duhu na kamar minti 20 zuwa 30, zai iya ganin taurari wajen 2,500 a lokaci guda ba tare da wata na'ura ba, tare da wannan farin zane mai kama da hayaƙi da ke ratsa tsakiyar sama, wanda Larabawa ke kira Majarra. Mutumin Masama bai ɗauki wannan a bakin komai ba, domin a ƙarƙashinsa aka haife shi. Amma a yau mafi yawan mutanen duniya ba su da irin wannan dare, kuma manyan biranen ƙasarmu sun bi sahu.

Karkara da birni a ma'aunin ƙidaya

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 200. Ƙaramar hukumar Gwandu tana da kimanin mutum dubu 151 a faɗin ƙasa da ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,000, wato ƙasa da mutum 150 a kowace murabba'in kilomita. Kalgo, mai mutum wajen dubu 85 a ƙasar da ta fi ta Gwandu faɗi, ta fi haka sakewa. Idan muka kwatanta da ƙaramar hukumar Birnin Kano da Kewaye, wadda a wannan ƙidaya take da mutum sama da dubu 360 a murabba'in kilomita 17 kacal, za mu ga cewa filin da mutum 150 ke zaune a kai a Gwandu, a can sama da mutum dubu 20 ne ke cunkushe a kansa. Babu shakka jama'a sun ƙaru ƙwarai a ko'ina tun daga wancan lokaci, amma wannan tazara tana nan.

A lokacin samun mulkin kai a 1960, kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kawai na 'yan Nijeriya ke zaune a birane. A yau sun haura rabi. Wani kaso na wannan ƙaruwa daga ƙauyukanmu ya fito. Cin rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu da Kabi: tun zamanin kakanni, da an kai amfanin gona rumbu samari kan ɗaura ɗan ƙunshinsu su nufi Kurmi ko Gwanja, su dawo da ɗan abin da suka samu kafin ruwan shuka. Abin da ya sauya shi ne yanzu da yawa ba su dawowa. Saurayi ya tafi Legas ko Fatakwal ko Abuja da niyyar wata huɗu, ya kama kabu-kabu ko ga-ruwa ko gadi, shekara ta zagayo ya aiko da kuɗin taki a maimakon ya zo da kansa, a shekara ta uku kuma sai labari.

Ba za mu ga laifinsu ba. Birni yana da kuɗi a hannu kullum, yana da asibiti kusa, yana da makarantu, yana kuma da wuta ko da ba ta tsayawa. Amma duk wanda ya je ya ga yadda 'yan'uwanmu ke kwana mutum takwas ko goma a shago guda, ko a rumfar kasuwa, ko cikin ginin da ba a gama ba, suna sayen ruwan wanka da na alwala, suna biyan kuɗin bayan gida, ya san cewa abin da ake samu a can ba kyauta yake zuwa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na haya da na abinci a birane sun yi tashin da ya sa ɗan abin da ɗan ci-rani ke ragewa ya aiko gida ya ƙara ƙanƙancewa. A ɗaya ɓangaren kuma, noman rani na shinkafa da albasa da alkama a fadamun jihar nan, musamman tun bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya nuna cewa mutum na iya samun abin rufin asiri da rani ba tare da ya bar garinsu ba, duk da cewa ambaliya irin ta 2020 ta tuna mana cewa noman ma yana da nasa haɗarin.

Don haka ma'aunin bai karkata gefe guda kamar yadda ake zato ba. Karkara tana da sarari da iska mai kyau da sanin juna da abinci kusa da baki. Abin da take nema shi ne a cike mata giɓin da ke korar 'ya'yanta, kuma wuta tana cikin manyan abubuwan da ke wannan giɓi. Bankin Duniya ya bayyana a 2021 cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85, wato kashi 43 cikin ɗari, ba su da wutar lantarki ta ƙasa, kuma mafi yawansu mazauna karkara ne. Ko a garuruwan da turaku da wayoyi suka isa, akan yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba.

Abin da birane suka rasa ba su ankara ba

Ƙasashen da suka riga mu wadata da lantarki sun gano wata asara da ba su yi lissafinta ba tun farko. Fitilar da aka kafa ba tare da murfi ba tana watsa haskenta ko'ina, har da sama inda babu mai buƙatarsa. Wannan haske yana bugun ƙura da tururin da ke cikin iska ya dawo, sai sama ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, taurari su dusashe. Masana na kiran wannan gurɓatar dare da hasken fitilu.

Wani babban nazari da aka buga a 2016, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ne a ƙarƙashin samaniyar da hasken fitilu ya gurɓata, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku ba su iya ganin Majarra daga inda suke zaune. A Turai kashi 60 cikin ɗari ne ba su ganinta, a Arewacin Amurka kuwa kusan kashi 80. Ƙasashen da suka fi kowa tsabtar dare a wannan nazari su ne Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Wani nazarin da aka buga a 2023, wanda ya tattara rahotannin dubban mutane da suka ƙirga taurari da idonsu daga 2011 zuwa 2022, ya gano cewa hasken sama da dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace shekara. Ma'anar wannan ita ce yaron da aka haifa a wurin da ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 sai dai ya ga 100.

Ba sai mun je Turai ba. A tsakiyar Legas ko Abuja, mutum na iya ɗaga kai a daren da babu gajimare ya ƙirga taurarin da yake gani bai ƙosa ba. A nan gida ma, wanda ya tsaya a ƙauyukan Kalgo ya dubi wajen Birnin Kebbi zai ga wani ja-ja ya tokare gindin sama, kuma wannan ja yana ƙara faɗi yayin da babban birnin jihar ke miƙewa ta hanyar Kalgo, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yake.

Saboda wannan asara, duhun dare ya zama abin da wasu ƙasashe ke karewa da doka, suke kuma samun kuɗin shiga da shi. Afirka ta Kudu ta kafa doka a 2007 domin kare yankunan da take nazarin sararin samaniya, ciki har da kewayen garin Sutherland inda ta buɗe wani katafaren madubin hangen taurari a 2005. A Namibiya, gandun dajin NamibRand ya sami shaidar zama keɓaɓɓen wurin duhun dare ta duniya a 2012, kuma baƙi na biyan kuɗi mai yawa su je su kwana a can don kawai su ga abin da manomin Masama ke gani daga kan tabarmarsa. Ba muna cewa gobe masu yawon buɗe ido za su cika Gwandu ba ne. Hanya da masauki da tsaro sai sun riga. Muna nuna cewa abin da muke da shi a banza, wasu sun rasa shi har suna saye.

Taurari a ilimin ƙasar Gwandu

A wurinmu sararin samaniya ya wuce abin kallo. Gwandu gari ne na ilimi tun lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka sauka a cikinsa a 1805, kuma a nan ƙanensa Malam Abdullahi, wanda aka damƙa wa yammacin daular, ya zauna yana karantarwa da rubutu har ya rasu a 1829. Malaman wannan daula sun rarrabe tsakanin abu biyu. Sun yi hani ga duba da taurari don neman sanin gaibu, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu na musamman yana jan kunnen jama'a game da masu wannan sana'a. Amma sun riƙi sanin taurari don gane lokaci da alƙibla da yanayin shekara a matsayin ilimi mai amfani, suka karantar da shi, aka kuma tsara shi cikin waƙoƙin Hausa na ajami domin sauƙin haddacewa. Wani masani ɗan Ingila, Mervyn Hiskett, ya buga nazari a kan irin waɗannan waƙoƙi a 1967.

Tsarin da malamanmu suka gada ya kasa shekara zuwa taurari 28, kowane yana da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Taurarin damina su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, kuma har yau akwai dattawan da in aka tambaye su za su faɗi tauraron da ake ciki da kwanakin da ya yi, su kuma ce ko shuka ta yi latti ko da sauran dama. Wannan kalanda ce ta rana da aka rataya a jikin taurari, shi ya sa ba ta zagayawa kamar watannin Musulunci, kuma shi ya sa ta dace da noma.

Manomin da bai yi karatun hisabi ba shi ma yana da nasa alamomi. Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, takan ɓace daga sama a ƙarshen bazara, ta sake bayyana a gabas kafin fitowar rana a cikin watan Yuni, daidai lokacin da damina ke kankama. Idan kuma aka fara ganinta a gabas da almuru, a wajen watan Nuwamba, to an shiga kaka sosai, sanyi na tafe. Gamzaki yana tada mai sammako, Zara kuma kowa ya san ta da zama kusa da jinjirin wata, ko da yake masana sun tabbatar cewa su biyun abu guda ne, duniyar Zuhura, wadda kan fito wani lokaci da asuba wani lokaci da magariba. Makiyaya da fatake sun yi amfani da tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, wajen gane hanya. A yankinmu yana tsaye ne kamar digiri 12 bisa gindin sama, kuma wanda ya gane shi ya gane alƙibla, domin daga nan alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa.

Akwai kuma batun ibada. Littattafan fiƙihu sun rarrabe tsakanin alfijir na ƙarya, wanda ke miƙewa tsaye kamar wutsiya sannan ya gushe, da alfijir na gaskiya mai bazuwa a gindin sama, wanda da shi ne ake shiga lokacin asuba kuma mai azumi ke kame baki. Ladanin ƙauye yana iya ganin wannan bambanci da idonsa. A garin da hasken fitilu ya rufe gabas, alfijir na ƙarya ba ya ganuwa sam, na gaskiyar ma sai ya yi ƙarfi ake gane shi, sai a koma dogaro da agogo da jadawali kaɗai. Game da ganin jinjirin wata kuwa, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanarwa bayan samun rahotanni ta hannun sarakuna da kwamitin ganin wata, gaskiya ita ce hazo da gajimare sun fi fitilu hana shi, tun da ana dubansa ne da sauran hasken magariba. Duk da haka, filin karkara da babu dogayen gine-gine da hayaƙin motoci da fitila mai kashe ido ya fi ko'ina dacewa da wannan aiki.

Duhu iri biyu ne

A nan ne ya kamata mu yi hattara, kada a fahimce mu a baibai. Akwai duhun da yake rashi ne tsantsa: ɗakin haihuwa da ungozoma ke karɓar haihuwa da tocilar waya a baki, firijin allurar rigakafi da ya mutu, ɗalibin da ke shirin jarrabawa da aci-balbal, mai shagon da ke rufewa da magariba, da unguwar da mata ke tsoron fita ɗiban ruwa da asuba. Wannan duhu abokin gaba ne, kuma yana cikin abin da ke tura matasa birni. A halin da ake ciki na tsaro, musamman bayan harin da aka kai garin Mera a ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, babu mai hankalin da zai ce wa mutanen karkara su zauna cikin duhu don a ga taurari.

Akwai kuma duhun sama, wanda bai hana kowa komai ba, kuma shi ne ke ɗauke da kalandar manomi da agogon ladan. Kuskuren da birane suka yi shi ne sun kori na biyun a garin korar na farkon, alhali ba dole ba ne. Hasken da ke amfanar mutum shi ne wanda ya sauka ƙasa, a kan hanya da bakin rijiya da ƙofar asibiti. Wanda ya tashi sama asara ce: batir ne aka ƙona a banza, kuma kuɗin jama'a ne aka saye shi da su.

Hatta ta fuskar tsaro, yawan haske ba shi ne yawan gani ba. 'Yan sintiri sun san cewa fitila mai ƙarfi da ke dukan ido kai tsaye tana makantar da mai gadi, ta mai da duk abin da ke bayanta baƙi ƙirin, ta yadda mai mugun nufi zai laɓe a inuwa yana kallon kowa ba a ganinsa. Fitila matsakaiciya mai murfi, wadda ke haska ƙasa daidai-wa-daida, ta fi taimakon ido. Haka nan manoma sun san yadda ƙwari ke taruwa a jikin fitila. Farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi jawo su fiye da mai ruwan ɗorawa, kuma likitoci sun nuna cewa irin wannan farin haske, idan yana shiga ɗakin kwana, yana dagula barci.

Abin da ke hannun hukumomi

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mafi yawan ƙauyukanmu yanzu ne ake kafa musu fitilu na farko, don haka gyaran da zai ci wa birane maƙudan kuɗi, mu a wurinmu magana ce ta rubuta sharaɗi a takardar kwangila. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, ga kuma Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta tarayya da ke aiki da jihohi wajen kafa ƙananan tashoshin sola. Ke nan akwai damar sa baki tun daga tushe. Muna ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, a fara da inda buƙata ta fi tsanani. Kafin a jera fitilu 50 a kan titin da babu mai bi bayan isha'i, a tabbata asibitin garin yana da sola mai riƙe firiji da ɗakin haihuwa, makaranta tana da aji ko da guda ɗaya da ɗalibai za su yi karatun dare, famfon burtsatse yana aiki. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san waɗannan wurare, ya kamata a zauna da su kafin a haƙa ramin turke ko ɗaya.

Na biyu, a sa wa ɗan kwangila sharaɗin cewa kowace fitila ta kasance mai murfi a sama, a kuma ɗaura ta tana kallon ƙasa sak, ba a karkace tana haska tagogin mutane da sararin sama ba. Sau da yawa fitilar tana da kyau, ɗaurin ne ya ɓata ta, kuma gyaransa bai wuce sukurdireba da tsani ba.

Na uku, a zaɓi masu haske mai ruwan ɗorawa a maimakon farare fat masu kashe ido, a kuma fifita waɗanda ke rage ƙarfinsu da kansu bayan tsakar dare, su ƙaro idan wani ya gifta. Irin waɗannan suna nan a kasuwa. Amfaninsu na kusa shi ne batir yana kaiwa asuba, lokacin da masu zuwa masallaci da masu sammakon kasuwa suka fi buƙatar haske, kuma yana daɗewa bai lalace ba. Duk mun ga turakun da aka ƙaddamar da biki suka mutu kafin shekara biyu.

Na huɗu, a ware kuɗin kula tun a cikin kasafin aikin, a kuma koya wa matasan garin wanke faifan sola daga ƙurar hunturu da canza batir. Wannan sana'a ce da za ta riƙe wasu daga cikinsu a gida.

Na biyar, kowane gari ya bar wani fili a bayan gari, kamar filin idi ko makamancinsa, ba tare da fitila mai ci har safe ba, musamman ta gabas da yamma, domin duban alfijir da jinjirin wata da koyar da yara.

Makarantu da dattawa

Kare duhun sama ba zai yi amfani ba idan babu wanda ya san abin da ke cikinta. Dattawan da suka haddace taurari 28 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma idonsu na kan waya. Muna kira ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da shugabannin makarantu da su shirya, ko da sau ɗaya a zangon karatu, daren da malamin kimiyya da malamin zaure za su tsaya tare a gaban ɗalibai, wannan ya faɗi sunan tauraro da aikinsa a noma, wancan ya bayyana dalilin da ya sa yake fitowa a lokacin da yake fitowa. Ba a buƙatar na'ura. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen damina zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo, a daren da wata bai fito ba. Matsayin da Allah Ya ajiye mu a doron ƙasa ya ba mu damar ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu: Suhailu yana haskawa a kudu da daren hunturu, taurari huɗun nan masu siffar gicciye da mutanen Turai ba su gani suna leƙowa a kudu a daren bazara.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, suna da rawar takawa wajen tura ɗalibai su naɗi bayanan waɗannan dattawa, su tattara rubuce-rubucen ajami na hisabi da ke cikin gafakokin gidajen malamai kafin gara ta riga su. Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta kuma harba tauraron ɗan'adam nata na farko a 2003. Babu abin da zai hana yaron da ya fara sanin Kaza da 'Ya'yanta a bayan garin Masama ya zama cikin masu wannan aiki gobe.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da 'yan majalisa da masu riƙe da sarautun gargajiya da su ci gaba da ƙoƙarin kai wuta kowane lungu na jihar nan, domin mutumin karkara ya cancanci haske kamar kowa. Abin da muke ƙarawa shi ne a duba irin fitilar da za a saya, da inda za a kafa ta, da inda za ta fuskanta. Su kuma jama'a su ɗauki waɗannan kayayyaki a matsayin nasu, su kare su daga ɓarayi da masu ɓarna, su kai rahoto ga mai unguwa idan fitila ta mutu ko ta karkace. Idan aka yi haka, 'ya'yanmu za su sami wutar karatu da ta asibiti a garuruwansu, su kuma gaji samaniyar da iyayensu suka yi noma da ibada da ita.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.